Turancin Gindin Tsamiya

Sakkwato, Afrilu 1992

Zuwa ga Yaya Altine, a Jega.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Tukur. An ce mini kin yi nauyi, Allah shi raba lafiya. Ni ma lafiya lau, in ban da zafin Sakkwato da kika sani.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso Sirajo ya tuna da ke. To ki ce. Kakarki da kakana ciki ɗaya sunka fito, taubashi kuwa ba ya fushi da taubashi, sai dai ya rama.

Ga abin da ke tafe da ni. Kin san ta makarantar Arabiyya na biyo na shigo jami'a, Shari'a nake karantawa. Duk abin da ake yi da Larabci ban da matsala da shi. Amma akwai darasin Turanci na dole, wanda kowa sai ya ci shi, ni kuwa sau biyu ina faɗuwa. An kira ni ofis an gaya mini baki da baki: saura dama ɗaya, in na sake faɗuwa in tattara kayana. Ban gaya wa kowa a Karaye ba.

Ba ragwanci na yi ba, wallahi. Na sayi ƙamus, na ɗauke shi yadda munka ɗauki allo, shafi shafi nake haddacewa bayan asuba. Na yi nisa ƙwarai. Amma ran nan malamin ya nuna ni a cikin aji ya tambaye ni wani abu, sai bakina ya kulle. Kalmomin suna nan cikin kaina jere kamar buhuna a sito, ko ɗaya ta ƙi fitowa. Wata yarinya a bayana ta yi dariya har da buga benci. Jarrabawar kuma akwai ta rubutu, akwai ta baka.

Ke ce ke koya wa 'yan firamare wanga yare. Ki taimake ni da dabara, ki ajiye tsiya sai na ci.

Naki,
Sirajo

*

Jega, Mayu 1992

Zuwa ga Alƙalin gobe.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura, da ƙyar nake kai kaina makaranta. Malam Tukur na gaishe ka.

Tsiya kam ba ni ajiye ta, hakkina ce. Haddar ƙamus! Kai Sirajo, Allah shi shirye ka. Da mai ƙamus ɗin zai ji, da ya zo Sakkwato ya ba ka hannu, don shi kansa bai haddace ba.

Saurara. Yare a baki yake zama. Ɗan da nake ɗauke da shi, in ya zo duniya, ba wanda zai ba shi ƙamus, surutu zai yi ta yi ana dariya har ya iya. Matsalarka ita ce girman kai, ba ka son a ji ka yi kuskure. To tun da haka ne, nemi inda ba kowa. Ka kunna rediyo tashar London, abin da mutumin ya faɗa ka maimaita da ƙarfi, ko ba ka gane ba. Sa'an nan ka kashe, ka tambayi kanka, ka ba kanka amsa. Da ƙarfi na ce, ba cikin zuci ba. In itace ka samu, yi wa itace.

Na ba Mamuda direba littattafan 'yan aji huɗu da na aji biyar ya kawo maka. Kar ka raina su don akwai hoton akuya. Da su za ka fara.

In ka zama alƙali ka tuna wa ya buɗe maka baki.

Yayarka kuma uwargijiyarka,
Altine

*

Karaye, Yuli 1992

Yaya Altine,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi. Mutanen gida duk lafiya, damina ta yi kyau, gero ya kai gwiwa.

Kin ji malaman jami'a sun tafi yajin aiki, an kore mu gida. Kowa na ƙorafi, ni kam gaba ta kai ni, don an ɗaga jarrabawar sai an koma.

Dabararki na ci. A gida ba hali, kin san gidanmu, in ka yi tari sai an ji a zaure. Amma na samu wuri. Akwai tsohuwar tsamiyar nan ta bayan fadama, ƙasa da gonar Baba, wadda ba mai zama gindinta. In mun tashi noma rana ta take, kowa ya nufi gida, sai in zame can da rediyona da littafin akuya. Inuwa mai sanyi, ko tsuntsu bai dame ni ba.

Na ƙara wani abu a kan naki. Murya biyu nake yi. In kumbura wuya in yi ta malaminmu, in yi tambaya da faɗa, sa'an nan in sauya wuri in amsa da tawa. Wani lokaci har gardama muke yi. Jiya na yi magana mai tsawo ban tsaya neman kalma ba, sai da na ƙare na lura. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Baba bai tambaye ni inda nake zuwa ba. Inna kuwa kin san tsakaninmu. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗi, in tana son a kira ni sai ta ce a kira wancan. Na gaishe ta da safe, ta amsa tana duban wani wuri, shi ke nan sai gobe. Don haka ba wanda na yi wa bayani, ba wanda ya nema.

In kin sauka a aiko mini.

Sirajo

*

Jega, Agusta 1992

Zuwa ga Baturen Karaye.

Bayan gaisuwa, albishirinka. Na sauka lafiya, mace, an sa mata Ihsan. Hancin ubanta ta ɗauko, Allah shi sa ta yi haƙuri. Ina nan ina shan wankan jego da kunun kanwa, tsohuwar da ke yi mini wankan ba ta da tausayi ko kaɗan.

An aika Karaye, ba ka zo suna ba, ba ka rubuto ba. Na riƙe wannan.

Amma labarinka ya zo. Matan Karaye da sunka zo suna, ina jin su suna ƙus-ƙus, na ce mene ne? Sai Uwani mai itace ta ce wai ta gan ka da idonta tsakar rana gindin tsamiya, kana magana da wani da ba a gani, shi ya yi da ƙatuwar murya, kai ka amsa, kuma ba da yaren mutane ba. Wai har ta yar da itacenta ta sheƙa. Sirajo, na yi dariya har sai da ɗinkina ya yi zafi. Duk itacen da ke ƙasar Maiyama ka rasa wanda za ka zaɓa sai tsamiya, kuma da rana tsaka? Ko yaron goye ya san gidan wa ke nan.

To ka gaishe mini da mutumin naka mai babbar murya. Ka ce masa na gode da ya riƙe mini kai, kar ya sake ka sai ya gama da kai.

Ka rubuto, ɗan banza.

Altine

*

Aliero, Satumba 1992

Altine,

Ina fatan kina lafiya ke da jaririya. Allah shi raya. Ni jikina lafiya lau, kuma wannan ita ce maganar da na fi wata ina faɗi ba mai saurare.

Dubi inda nake rubutowa. Ina Aliero gidan wani Malam Alu mai yi wa masu iska magani. Wasiƙarki ba ta same ni Karaye ba, Baba ta samu. Ya kai wa malamin firamare ya karanta masa a zaure gaban mutane. Kin ce in gaishe da mutumina, kin ce kar ya sake ni sai ya gama da ni. Malamin ya ce wa Baba wasan taubasai ne. Baba ya ce wasa ko ba wasa ba, ga shi har Jega an san da mutumin. Na gode ƙwarai.

Ga yadda anka yi. Bayan Uwani ta baza labari, Baba ya kira ni zaure gaban dattawa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na kawo littafin, na kawo rediyon. Ya saurara, har na ga kamar ya sauko. Sai wani dattijo ya ce a sa ni in yi irin maganar a ji. Ni kuma da wautata na gyara zama na yi musu, har da babbar muryar. Kafin in rufe baki rabin zauren sun kai ƙofa.

Tun daga nan komi na yi shaida ne. In na ce lafiyata ƙalau, a ce ai haka suke cewa. In na yi shiru, a ce ya kama bakinsa. Ran da na yi fushi na ɗaga murya, ƙarti huɗu sunka danne ni anka yi mini hayaƙi har na amayar.

Malam Alu ba mugu ba ne. Rubutu yake ba ni, da safe in taya 'ya'yansa ban ruwan irin albasa. Ya zauna da ni mun yi ta fiƙihu, a ƙarshe ya ce shi dai bai ga komi ba. Ya gaya wa Baba haka. Baba ya ce Malam bai ga abin da uwar yaro ta gani ba.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ashe Inna ta bi ni wata rana, ta tsaya cikin gero ta ji ni. Da Baba ya tambaye ta gaban 'yan uwa ko gaskiya Uwani ta faɗa, sai ta ce, "Na ji shi." Anka ce iska ce? Ta sunkuyar da kai ba ta ƙara ko kalma ba. Kin san Baba, a kan sha'anin 'ya'ya maganarta yake bi. Ya rantse ba ni komawa makarantar da ta jawo mini wannan sai ranar da ita ta ce na warke. Ita kuwa ba ta ce ba. Ni ba ni iya zuwa in tsare ta da tambaya, ban taɓa ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Yanzu an janye yajin aiki, a rediyon Malam na ji. Jarrabawata farkon watan gobe ce. In ban zauna ba, faɗuwa ta ukku ke nan.

Mamuda ya ce in ina so ya ɗauke ni a motar albasa ya sauke ni Sakkwato, ba wanda zai sani. Na yi ta juya abin. Ba ni iyawa. Mutum ya gudu daga hannun ubansa ya je karatun Shari'a, ya dawo ya yi wa wa hukunci? In ba da albarkarsu ba, gara in zauna in yi ta ban ruwa.

Ban rubuto don ki yi wani abu ba. Na san kina cikin jego. Na dai ga ya kamata ki san inda dariyarki ta sauka.

Sirajo

*

Jega, Satumba 1992

Sirajo,

Na karanta. Ban da bakin magana. Ni na ce ka yi wa itace, ni kuma na rubuta waccan shashanci. Ka yafe mini. Yau ba tsiya.

Na tura Malam Tukur Karaye. Babanka, Kawu Magaji, ya karɓe shi da mutunci, ya yanka masa zabo, ya ce maganar gida ce, a gaida mai jego. Ya dawo yadda ya tafi.

Na nemi in zo da kaina, uwar mijina ta ce in na taka ƙofar gida kafin arba'in sai dai in taka ta. Saura kaɗan. Ranar da na fita, ba gidanmu zan fara yawon arba'in ba, Karaye zan nufa. Wurin Kawu ba ni da abin faɗi da ba a faɗa ba. Inna Yalwa nake son gani, ni ba 'yar farinta ba ce, tana iya duban idona.

Kar ka hau motar Mamuda. Kuma kar ka daina karatun, ko cikin bargo ne.

Altine

*

Jega, ƙarshen Satumba 1992

Sirajo,

Gaisuwa. Mun je mun dawo lafiya, Ihsan ta sha hannu. Ka zauna ka karanta wannan kai kaɗai.

Na samu Inna Yalwa a ɗaki tana gyaran wake. Ta karɓi jaririya, munka gaisa, munka yi zancen damina. Da na ga ba ta da niyyar tado maganar sai na tado. Na fara yi mata bayanin jarrabawa da rediyo, yadda na shirya tun daga mota. Ba ta bari na kai ko'ina ba. Ta ce, "Altine, bar wahal da bakinki. Ni na haihe shi. Na san ba iska ba ta."

Na ce, "To Inna, don mi kinka yi shiru?"

Ta daɗe tana tsince wake. Sa'an nan ta ce ranar da ta bi ka, tsoro ya kai ta, don ta ji abin da Uwani ke faɗi. Ta laɓe cikin gero. Ta ce da jin muryar ta gane taka ce duka biyun, wace uwa za a ruɗa da wannan? Har hankalinta ya kwanta za ta juya. Sai ta ga ka miƙe zumbur, ka tuɓe hula, ka tsaya, can kuma ka fashe da dariya har kana riƙe ciki.

Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa nake rubuta maka. "Tun da wancan ya yi wayo ban taɓa zama na yi hira da shi ba, haka munka gada. Amma ina jin shi. In shina magana da ubanshi a zaure ina ji, in shina yi wa ƙannenai faɗa ina ji, da haka nike sanin abin da ke ranshi. Rannan na ji shi shina dariya, ban san mi ab ba shi dariya ba. Na ce to, shi ke nan, ɗan abin da nike samu ma za a ɗauke. Da anka tambaye ni, ban yi ƙarya ba, na dai yi shiru. Na ce ko wata guda ne a bar min shi kusa."

Na ce, "Inna, ai Aliero anka kai shi, ba kusa ba."

Ta ce, "Shi ne fa. Ga shi ban samu ba, ga shi an yi mai hayaƙi." Nan ta sa gefen zane ta rufe fuska. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Na gaya mata gaskiya, in ba ka zauna jarrabawar nan ba an kore ka, shekarun da ka yi sun tafi a banza. Ba ta san da haka ba, Sirajo, don ba ka gaya wa kowa ba. Ta ajiye tiren wake ta miƙe. Ina zaune na ji ta a ƙofar turakar Kawu tana cewa, "Malam, a aika a ɗauko wancan. Ya warke."

Kawu bai tambaye ta yadda ta sani ba. Jibi za a zo ɗaukarka.

Ba ta ba ni saƙo gare ka ba, kar ka je kana jiran ta ce wani abu. Kuma in ka nuna mata ka san abin da ta faɗa mini, ni da kai har abada. Sauran ya rage naka, kai ne mai ilimi.

Altine

*

Karaye, Oktoba 1992

Yaya Altine,

Sallama. Na dawo gida lafiya, gobe da sassafe Mamuda zai biyo ya kai ni tashar Jega. Ba ni samun tsayawa, sai dai ya miƙa miki wannan. Baba ya sa mini albarka, ya kuma ba ni laya ya ce in riƙa sawa. Na karɓa.

Na yafe miki. Rabi dai, sauran sai na ga sakamako.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Na yi fushi da Inna a Aliero, fushi mai yawa, da na karanta kuma sai na rasa inda zan ajiye shi.

Yau da la'asar gida ba kowa, an tafi yankan gero. Inna ce kaɗai, tana bakin ɗakinta tana tankaɗe. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakar gida, na ba ta baya, na fuskanci turken akuya. Na yi muryar malamin, na yi tawa, da Turanci, ba da ƙarfi sosai ba. Na ji rariya ta tsaya.

Sai na juya da Hausa, ina yi wa akuyar bayani. Na ce, ke akuya, abin da anka ce shi ne: malam ya ce Sirajo don me ka makara? Na ce daga gona nake. Ya ce jami'a gonar ubanka ce? Tashi tsaye, tuɓe hularka in ina magana! Na ce mata, to ran nan a gindin tsamiya na yi wa kaina wannan tsawar, ta yi kyau har na firgita, na miƙe na tuɓe hula na tsaya ina jiran hukunci. Sai da na duba na ga ba kowa sai ni da tururuwa.

Ban waiwaya ba. Can na ji ta ce, ita ma da akuyar take, "Wanga shi ne abin dariyar? Allah shi kyauta."

Sai kuma na ji wani ɗan sauti, ta toshe baki da zane amma ya ƙi toshewa. Dariya take yi, Altine, har tana tari. Na zauna ina kallon akuya, idona na ta ruwa, ban motsa ba don kar ta daina.

Ki yi mini addu'a ranar Litinin.

Naki,
Sirajo